Marie Taglioni: ƙarfin ƙafa ne, ba sihiri ba

Duk wanda ya taɓa kallon rawar bale ta Turawa ya san abin da ke ɗaukar ido: mace ta miƙe cak a kan bakin yatsun ƙafarta, tana juyi kamar ba ta da nauyi. Abin ya wuce ɗagen da yaro ke yi in zai ɗauko kaya a kan kanta, domin nauyin jiki kacokan a kan ƙarshen yatsu yake sauka. In aka tashi ba da tarihinsa, sunan Marie Taglioni ake fara ambata, har wasu su ce ita ta ƙirƙiro shi. A ganina ta cancanci yabo, amma ba a nan ya kamata a yabe ta ba.

An riga ta farawa. A shekarun 1790 Charles Didelot, wani mai tsara rawa, ya haɗa na'urar wayoyi da ke ɗaga masu rawa har yatsunsu su riƙa shafar ƙasa. A cikin mata masu rawa, Geneviève Gosselin ta gwada tsayuwar a Paris wajen 1815, Amalia Brugnoli ta yi ta a shekarun 1820. Sai dai a lokacin, abin burgewa ne na ɗan lokaci, a yi tafi a wuce.

An haifi Marie a Sitokholm a 1804. Mahaifinta Filippo, Ba'italiye mai tsara rawa, shi ya karɓi horonta a birnin Vienna, kuma bai yi mata sassauci ba. Wata shida tana atisaye awa shida kullum, ga ta da ɗan rankwafaffen baya da dogayen hannuwa, siffar da ba a ɗauka ta dace da wannan sana'a ba. Ta fara fitowa dandali a 1822. Ranar 12 ga Maris 1832 ta taka rawar bale mai suna La Sylphide a gidan Opera na Paris, inda ta fito a matsayin aljanar iska da ta ɗauke hankalin wani saurayi ɗan Sikotlan daga amaryarsa. A nan tsayuwa kan yatsu ta sami dalili: halittar da ba ta ƙasa ba, ai ba za ta taka ƙasa da tafin ƙafa ba.

To, a dubi abin da ke ƙafar Marie. Takalmi ne mai laushi na yadin satin, da siririn ƙasa na fata, an yi wa baki da gefensa ɗinki a kan ɗinki don kada ya yage. Babu tauraren baki irin na yau da ake yi da ƙyalle da gam. Jijiyoyin sawu da na ƙwauri ne kaɗai ke riƙe da ita. Masu kallo suna cewa tana tashi sama, alhali gumin shekaru suke kallo, kuma an tsara rawar ne yadda ba za su ga gumin ba.

Wannan ɓoyon ne ke damuna, domin ya ci rai. Ɗalibarta Emma Livry ta ƙi sa rigar da aka jiƙa da maganin hana kama wuta, saboda yana sa yadin ya yi tauri ya dushe. A 1862, ana cikin gwaji, fitilar gas ta lashi siket ɗinta. Ta yi watanni tana jinyar ƙuna, ta rasu a 1863 tana da shekara 20.

Ita kanta Marie ta bar dandali a 1847, dukiyarta ta zube, ta koma koyar da rawa a Landan, ta rasu a birnin Marseille na Faransa a 1884. Ɗabi'ar ɓoyon kuwa ba ta bi ta kabari ba. A farkon ƙarni na 20, Anna Pavlova ta Rasha ta ƙara fata mai tauri a takalminta, ta kuma faɗaɗa bakinsa don ƙafarta ta sami madogara, wasu suka ce maguɗi ne. Sai ta riƙa sa a gyara hotunanta, a tsuke bakin takalmin, don kada a ga abin da take tsaye a kai.