Ranar da Babur Ya Ƙi Komawa Lakwal

Duk wanda ke koyarwa a Damagaram ya san cewa babban hutu yana faɗowa ne daidai da damina, saboda haka da an rufe lakwal sai mu masu gona a ƙauye mu ajiye alli mu ɗauki hauya. Ni tawa gonar tana bayan Mirya, kuma da yake hanyar ciki yashi ne da laka, sai na jingine babur ɗina a zauren gidanmu da ke Birni, na lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, na ce ya huta shi ma. Tsohon babur ne wanda na saya hannu na biyu, wanda ya sayar mini kuma ya rantse cewa shi ma hannu na biyu ya saye shi. Madannin tayar da shi ya mutu tun kafin ya zo wurina, sai dai a buga da ƙafa.

Da Oktoba ya kama, ranar komawa aiki, na yi wanka na sa farin kaftani, na fito da shi ƙofar gida, na buɗe mai, na ja cok, na buga. Ya yi ɗan tari ya yi shiru. Na yi ta bugawa har gumi ya jiƙa mini baya, shi kuwa ko a jikinsa.

Inji ba ya tashi sai abu huɗu sun haɗu: mai, iska, wuta da matsi a cikin silinda. Na fara da mai, na zare tiyon da ke gangarowa daga tanki, ya zubo yadda ya kamata. Kafin in mayar da tiyon, mutanen unguwa sun kewaye ni, domin a Birni babur ba ya lalacewa a ɓoye, kuma kowane namiji da ya taɓa hawa bayan ɗan kabu-kabu yana ɗaukar kansa bakanike.

Mai shayin bakin layinmu ne ya fara yanke hukunci. "Mushe," in ji shi, don haka ake kiran malamin lakwal, "buji ne, kada ka wahalar da kanka." Muka kwance bujin, muka tarar ya yi baƙi ya jiƙe da mai, na kankare shi, na daidaita tazarar bakinsa wadda ba a so ta wuce kamar milimita 0.7. Yadda ake gwada wuta shi ne a mayar da buji cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a buga a duba ko zai ba da tartsatsi shuɗi. Mai shayi ya ce shi zai riƙe, ya kuwa riƙe ta wajen ƙarfen da hannunsa mai danshin wanke kofuna. Ina bugawa ya yi tsalle ya kira sunan mahaifiyarsa, domin wutar da kwayil ke turowa ta wuce volt 10,000. Da ya dawo hayyacinsa, ya yarfe hannu ya ce, "Wuta kam akwai ta, Mushe." Daga nan bai sake ba da shawara ba.

Sai aka koma kan kafireta. Man da ya daɗe a ajiye yakan yi danƙo ya toshe ƙaramar ƙofar da yake bi ya haɗu da iska, damina kuma takan tara ruwa a ƙasan kwanon. Mun sami ruwan kuwa, ɗan kaɗan, wanda ya sa mai sayar da mai a kwalba, da ke tsaye cikin ƴan kallo, ya fara kare kansa tun ba a tuhume shi ba. Ya ce garin da ke da matatar mai a kan hanyar Tanut tun 2011 ba ya buƙatar algus, kuma ruwan sama ba shi ya saukar da shi ba. Na hura ƙofar da bakina, na haɗiye rabin abin da ke ciki, na wanke soson iska, na mayar da komai. Babur ya sake yin tarin nan ya yi shiru.

Yaran unguwa suka ce a tura. Na sa giya ta biyu, na riƙe kuloci, suka tura ni cikin lungunan Birni suna ihu har muka ɓullo filin fadar Sarki, ina sakin kuloci yana tirjewa. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya kira ni ya ce, "Ɗana, wannan ba ciwon ƙarfe ba ne, baki ne. Ka yi sadaka." Na ce, "To, Baba, Allah ya saka," na ba yaran kuɗin alewa, na ɗauka sadakar ta fita ke nan, na ja abina zuwa Zango.

Maigaraji, can kusa da Kasuwar Dole, bai ko taɓa babur ɗin ba ya fara lissafi. Ya ce ko dai akwatin CDI, mai sarrafa wutar inji, ya ƙone, ko kuma zobban fistan sun cinye matsi ya tafi, kuma dole a buɗe inji, kaya masu kyau kuwa sai an aiko daga Kano. Yana ambaton jaka goma sha biyar, ni kuma ina tuna cewa ban ko sayar da wakena ba.

Yana cikin bayani sai wani ɗan yaronsa, wanda aikinsa bai wuce wanke kusoshi da miƙo sifana ba, ya tsuguna a baya ya sa tafin hannu a bakin salansa, ya ce, "Mushe, ɗan buga mu gani." Na buga, ya ce ba iskar da ta taɓa hannunsa. Ya ɗauko tsinken waya ya zura, sai ga busasshiyar laka tana zubowa, bayanta kuma ga tsutsotsi. Ashe duk lokacin da nake noma a Mirya, zanzaro yana gini a cikin salansa, ɗaki bayan ɗaki, ya cika kowane da abincin ƴaƴansa ya liƙe bakin tsaf. Idan hayaƙi bai sami hanyar fita ba, sabon mai da iska ba su da wurin shiga, ko da wuta da kafireta suna lafiya lau.

Bugu na gaba babur ya tashi da ƙara, ya feso sauran ginin da baƙin hayaƙi a kan maigaraji da ya sunkuyo yana leƙe. Ya share fuska, ya ce dama tun da ya hango ni ya san salansa ce, so yake ya gwada yaron ko ya fara koyo. Ya karɓi dala ɗari biyu kuɗin gwajin, ni kuma na saƙa wa yaron dala ɗari a aljihu ba tare da maigidansa ya gani ba.