Kwari ba kibiya ba ne

Yana damuna yadda matasa da yawa a Katsina suka ɗauka cewa kwari shi ne abin da ake harbawa. Kuma suna da hujja: kullum "kwari da baka" muke ji a haɗe, to in baka ne ake ja, ai hankali zai ba mutum cewa kwari ne ke tashi. Ga shi bindiga ta daɗe da ture wannan makami, ba kowa ya taɓa riƙe shi ba.

Amma kwari gidan kibau ne, wanda maharbi ke ratayawa a kafaɗa. Abin da ke tashi kibiya ce. Igiyar da ke ɗaure a baka kuwa tsirkiya ake ce mata. Ana cewa "kwari da baka" ne domin su biyun ake gani a jikin mutum, kibau suna ciki. A dubi maharbi ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro: baka a hannu, kwari a baya, in zai yi harbi sai ya zaro kibiya.

Ita kibiyar ma ba irin ta fina-finan Turawa ba ce mai gashin tsuntsu. Tamu kyauro ce, wato karan wata ciyawa, da kan ƙarfe mai kunne, ƙarama, kuma ƙarfinta yana ga dafin da ake shafa mata, wanda akan haɗa da kwankwani, wani tsiro mai dafi. Shi ya sa a zamanin yaƙi barade ke sa lifidi, wato rigar kariya mai kauri da aka cusa wa auduga, su da dawakansu. Da irin waɗannan kibau 'yan bakan Shehu Usmanu suka fuskanci dawakan Gobir a Tabkin Kwatto a 1804.