Kafin ka zagi mai karɓar taliya

A watan Afrilun 2014 gwamnati ta sake lissafin tattalin arziƙi, aka wayi gari Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu, ta zama ta ɗaya a nahiyar da kusan dala biliyan 510. Aka yi ta murna a rediyo. Maƙwabcina, wanda ya tsufa a masaƙa a Kakuri ta Kaduna kafin a garƙame ta, a daren nan gadin gidan wani ya tafi da 'yar tocilan ɗinsa, kamar kullum.

Shi nake tunawa duk lokacin da 'yan boko suka hau Facebook suna zagin talaka wai ya sayar da 'yancinsa da taliya. Haba jama'a! A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci, kusan biyu cikin ukunsu a Arewa suke. A Sakkwato kashi 91 cikin ɗari na jama'a ne ke cikin talauci, a Ondo kashi 27. Ƙasa ɗaya fa, tuta ɗaya.

Ranar zaɓen 2023 na ga wata baiwar Allah a layi da goyo, ta ƙunshe taliya biyu da sabulu cikin hijabi. Ba wawiya ba ce, ta yi lissafinta sarai. Asibitin unguwa babu magani, ajin ɗanta a ƙasa ake zama, ɗan takarar kuma ba za ta ƙara ganin ƙeyarsa ba sai bayan shekara huɗu. Tun 1999 ake faɗa mata romon dimokuraɗiyya, taliyar nan ce kaɗai ta taɓa shiga tukunyarta. Ban ce daidai ne ba, amma wanda ya ci ya ƙoshi ba shi zai yi mata wa'azi ba.

Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Kason jihohi daga asusun tarayya ya ƙaru, gadojin sama suka yawaita. Ma'aikaci kuwa sai a 2024 aka kai masa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuɗin da a lokacin bai sayi buhun shinkafa ba.

Ko kashi 30 na masu rajista ba su fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba. Maƙwabcina na cikin waɗanda suka zauna a gida. Katinsa na nan lafiya cikin aljihu, a banki kawai yake nuna shi.