Ana sayar wa yaranmu mabuɗin ƙofar da aka riga aka toshe

Tun ranar 22 ga Yulin 2025 Birtaniya ta daina ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Ba a ɓoye aka yi ba, kowa ya ji a labarai. Amma har makon jiya na ci karo da wani matashi a TikTok, ya sha kwat da tabarau, yana tallan gurbin wannan aikin a Ingila: a ba da rabi yanzu, rabi in biza ta fito. A ƙasan bidiyon kuwa yara ne rututu suna ajiye lambar waya.

Shi ɗan damfara sana'arsa yake yi. Haushina yana kan karatun da ya zauna wa mutanenmu a ka, wai biza haja ce da ake saye a hannun "mai hanya", kuma kowace iri ce ka karɓa kawai, in ka sauka Allah zai buɗa.

Ɗan maƙwabcina ya taɓa kawo min tasa takardar in duba masa. An buga ta da kala, an manne ta cikin leda, ga tambarin sarauta a sama. Gonar gado uban ya sayar aka biya. Na rasa ta inda zan fara gaya masa cewa shaidar ɗaukar nauyin ma'aikaci a Birtaniya ba takarda ba ce ma, lamba ce da kamfani yake fitarwa a kwamfuta, kuma sunayen kamfanonin da ke da lasisi suna nan a shafin gwamnatin ƙasar, kyauta. Minti biyar ya ishe shi ya duba. Bai duba ba, don ejan ya rantse masa, kuma ai ɗan unguwa ne.

Haka cacar bizar Amurka. An cire Najeriya daga ciki tun 2013, saboda 'yan ƙasar fiye da 50,000 sun yi ƙaura can cikin shekara biyar, amma duk kaka sai ka ga shagon intanet yana karɓar kuɗin cike fom. Ta Umara kuwa tsohon ciwo ne. Bizar ibada ba ta ba ka izinin aiki, ba ta zama igama. Mun san ƙarshen takari: ɓuya daga shurɗa, albashin da ba ka isa ka kai ƙara a kansa ba, sannan a kwaso ka da kayan jikinka.

Masu cewa yara su zauna su gina ƙasa ba zan ɓata tawada a kansu ba, yawancinsu nasu 'ya'yan suna Dubai ko Malesiya.

Ƙofofin gaskiya suna nan, sai dai ƙunci gare su, kuma ba su san rantsuwar ejan ba. Birtaniya ta kai mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru fam 41,700 a shekara, kuma tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa tafiya da iyali. A Janairun 2024 ɗin ne Kanada ta ninka kuɗin da ɗalibi zai nuna a asusu, daga dalar ƙasar 10,000 zuwa 20,635. Wannan hanyar masu hali ce, a faɗa wa yaro gaskiya.

Wadda nake ta nanatawa har abokai suka fara min dariya ita ce Jamus. Can ana koyon sana'a ana biyanka: jinya, wayarin, gyaran injuna, girki. A Yunin 2024 kuma suka fito da katin neman aiki na shekara ɗaya, wanda ake samu da maki na ilimi, gogewa, shekaru da harshe. Kuɗin shiga koyon sana'ar shi ne Jamusanci. Yaron da ya haddace izu sittin kafin ya yi gemu, wa zai ce min Jamusanci zai gagare shi a shekara ɗaya? Matsalar dai zama ne da naci, ejan kuma ya yi alkawarin wata uku.

Gwamnonin da ke rige-rigen ɗaukar hoto da ɗalibai a filin jirgi su buɗe ajin harshe da teburin tantance takardu a kowace babbar makarantar sana'a. Limamai su taɓa batun a huɗuba, tunda a can iyayen da ke sayar da gona suke zama. Shi kuwa ɗan maƙwabcin nawa Adaidaita Sahu yake ja yanzu, wayar ejan a kashe, takardar tana nan cikin ledarta a ƙarƙashin katifa.