Ruwan magudana garau ma yana tafiya da taki

Mutane da yawa sun ɗauka taki ba ya barin gona sai in ruwa ya kwashe ƙasa, wai idan ruwan magudana, wato hanyar fitar da rarar ruwa daga gona, ya fito garau, babu abin da aka rasa. Ba haka ba ne. Naitirojin, sinadarin taki da ke ciyar da shuka, yakan rikiɗe ya zama naitiret a cikin ƙasa. Shi kuwa naitiret narkewa yake yi kamar gishiri, ba shi da launi, kuma ƙasa ba ta riƙe shi, duk inda ruwa ya bi nan yake bi.

Shi ya sa tsarin magudanar ke da tasiri. Bututun da aka binne da zurfi, kusa da juna, sukan janye ruwa mai yawa su zuba shi kai tsaye a rafi. Idan aka rage zurfinsu, ko aka sa ƙofar tare ruwa a bakin magudana lokacin da babu shuka, ruwan da ke fita sai ya ragu, naitiret ma haka. In kuma ruwan ya fara ratsa fadama ko ramin gutsattsarin itace, ƙwayoyin bakteriya sukan mayar da wani kaso na naitiret ɗin iska kafin ya isa kogi.