Wai sai an ɗaure mutum ne za a ce an yi shari'a?

Abun da ya ishe ni kwanan nan shi ne yadda duk rigimar bashi ko ta kwangila take ƙarewa a Facebook da TikTok, a ɗora hoton mutum a rubuta ɗan damfara, kafin ka ce kwabo an cika wurin da a kama shi, a kai shi gidan yari. In wani ya ce a je kotu a shigar da ƙarar neman haƙƙi sai a taso masa, wai shari'ar sibil ai wasa ce tunda ba a ɗaure kowa. Haba jama'a.

Toh in an ɗaure shi, daga ina kuɗin naka za su fito? Yawancin abun da ke haɗa mutane faɗa, bashi ne, saɓa yarjejeniya, mai gida da ɗan haya, iyakar fili, sakacin direba ko na likita, kuma duk waɗannan abun da mai ƙara yake buƙata a biya shi ko a mayar masa da abunsa. Shi ya sa hanyar daban take, kai za ka shigar da ƙara da kanka, kotu ta aika sammaci, wanda ake ƙara ya kawo amsa, in ya ƙi zuwa ana iya yanke hukunci a bayan idonsa, in an yanke ya ƙi biya kotu na iya taɓa asusunsa na banki ko ta sa a yi gwanjon kadararsa. Wannan ne ake ce ma wasa?

Abun da masu ihun ba su sani ba, a nan hujja ta fi sauƙin tsayawa. A shari'ar laifi sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, a ta sibil kuwa ya isa alƙali ya ga maganarka ta rinjayi ta abokin shari'arka. O.J. Simpson, wani shahararren ɗan wasa a Amurka, an wanke shi daga zargin kisa a 1995, amma a 1997 iyalan mamatan suka yi nasara a kansa a ƙarar diyya, aka ɗora masa dala miliyan 33.5. Sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, sashe na 11, ta hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin kwangila. Wanda tun farko ya shirya ƙarya ya karɓi kuɗi, wannan zamba ce, laifi ne, maganarsa daban.

Za a ce kotu na da jan ƙafa, lauya da tsada. Ihun intanet ɗin nawa ya karɓo muku? Ana can ana zage-zage wa'adin shigar da ƙara yana ƙurewa, a Ingila shekara 6 ne kan kwangila, ya wuce shi ke nan. Kuma wanda ka kira ɓarawo a bainar jama'a ba hujja, shi ma yana da damar maka ka kotu kan ɓata suna.

A ƙara kotunan ƙananan basussuka da mutum zai je ba lauya, a rage ɗage zama barkatai, mu kuma dan Allah in za mu ba da kuɗi mu riƙa rubutawa da shaidu.