Minti 40 ɗin da ake ruɗarmu da shi tsakanin Jos da Abuja

Jiya a majalisa wani abokina ya dage wai duk mai hali ya daina azabtar da bayansa a mota, ya hau jirgi kawai, minti 40 yana Abuja. Na ce Malam tsaya, minti 40 daga ina zuwa ina?

Eh na yarda, daga filin jirgin Yakubu Gowon zuwa na Nnamdi Azikiwe bai cika kilomita 200 ta sama ba, kafin ka shanye ruwan da aka miƙo maka an ce a ɗaura bel za a sauka. To amma filin namu ai ba a cikin Jos yake ba, yana can Heipang ƙasar Barikin Ladi. Ni da nake Unguwar Rogo sai na keta Terminus na wuce Bukuru na kai Mararabar Jama'a, daidai inda mai mota zai kama hanyar Riyom ya yi gaba abinsa, ni kuma in je in zauna zaman jira, don dole ka iso da awa guda kafin tashi, in kuwa lokacin hunturu ne hazo ya sauka to sai abin da Allah ya yi. Na taɓa yin awa uku a kan kujerar nan, ƙanena da ya bi mota ya kira ni daga Akwanga yana cin tsire yana min dariya.

Abin da ya fi ba ni haushi ma a Abuja yake. Mu daga gabas muke zuwa, filin jirgin kuwa yana yamma bayan Lugbe, wato jirgi ya tsallake garin gaba ɗaya ya ajiye ka a ɗaya gefen. In wajen ɗan uwanka na Mararaba ko Nyanya da ke gabashin Abuja za ka, sai ka biya tasi kuɗi mai zafi ka dawo baya, ka zo ka faɗa cikin go-silo ɗin mahaɗar AYA da ke Asokoro. Mai mota ta Keffi ya shigo, a ƙofar gida aka sauke shi da buhun dankalinsa, ba wanda ya ɗora masa shi a sikeli.

Ba wai ina yabon titin ba ne fa. Awa huɗu zuwa biyar ba wasa ba ce, kuma duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo da tirela a bayansa ya san salatin da ake yi a cikin motar. Shi ya sa in Hajiyarmu ce za ta ganin likita, jirgi nake saya mata ko da bashi ne, ƙafarta ba ta jure zama. Haka wanda zai canja jirgi zuwa Jidda ko Legas, shi kam an kai shi inda yake so.

Amma ni da Mararaba ce masaukina, ƙarfe 6 na safe ina tasha, azahar a can nake yin ta.